Allurar hanjin alade da kafson hantar saniya: wanne ya kamata ya tayar miki da hankali?

"Assalamu alaikum Malam. Wata uku da suka wuce aka yi mini tiyatar haihuwa, aka sallame ni da wata allura mai suna enoxaparin, aka ce in riƙa yi a fatar ciki har kwana goma. Daga baya na karanta cewa daga hanjin alade ake samo ta, hankalina ya tashi. Da na shiga duba sauran abubuwan da muke sha a gida, sai na ga Mama tana shan glucosamine da chondroitin saboda ciwon gwiwa, ga shi kuma tana kan warfarin. Maigidana yana shan kafson busasshiyar hantar saniya da wani wai na ƙarfafa tayirod. Ni kuma man hantar kifi nake sha. Shin waɗannan ba za su ɗauko mana cutar dabbobi ba, irin cutar haukan shanu? Wanne za mu bari, wanne za mu ci gaba da shi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah Ya raya abin da aka samu.

In na fahimce ki da kyau, tambaya biyu kika dunƙule wuri ɗaya. Ta farko, ko abin da aka ciro daga jikin dabba yana iya tahowa da cutar dabbar. Ta biyu, a cikin abubuwa biyar ɗin da kika lissafa, wanne ne abin bari. Aikina haɗa magunguna da bayar da su ne a asibiti, kuma irin wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurina. Abin da zan fara gaya miki zai iya ba ki mamaki: allurar da ta fi tsorata ki ita ce mafi ƙarancin abin damuwa a cikinsu. Wanda ya sa na gyara zama da na karanta saƙonki shi ne kafson tayirod na maigida, sai kuma haɗin glucosamine da warfarin, maganin hana jini daskarewa, da Mama take yi.

Dalilina shi ne, kalmar "daga dabba" ba ta auna haɗari. Abin da nake dubawa abu biyu ne: nisan da ke tsakanin ƙwayar da ɗanyen naman da aka ciro ta, da kuma wanda ya tsaya a tsakani ya tace, ya auna, ya sa hannu. Magani da hukuma ta yi wa rajista sai ya nuna hujjar inganci da tsabta kafin ya shiga kasuwa. Ƙwayoyin ƙarin gina jiki kuwa, a ƙasashe da yawa, ba a tilasta musu haka. A Amurka, inda da yawa daga cikin irin waɗannan kafso suke fitowa, dokar 1994 ta ɗauke su a matsayin dangin abinci, don haka kamfani ba ya buƙatar amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, kafin ya fara sayarwa. Sai matsala ta ɓulla sannan hukuma ta biyo sawu. Saboda haka kwalba biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa a kan kanta ɗaya, ɗaya an bi ta da gwaji tun daga mayanka, ɗaya kuwa sayen kifi a ruwa ne.

Kuma in kika ce za ki guje wa duk abin da dabba ta taɓa, za ki sha wahala. Ɓawon yawancin kafso jelatin ne, daga fata da ƙashin shanu ko alade. Yawancin bitamin D3 daga maiƙon gashin tumaki ake yin sa. Sukarin madara yana cikin ƙwayoyi bila adadin don ya ba su jiki. Ruwan da ake ɗura wa bakwaini a huhu don ya iya numfashi daga huhun saniya ko alade yake. Maganin saran maciji daga jinin doki ko tunkiya ake tace shi. Insulin ma, tun daga 1922 da aka fara yi wa wani yaro ita a Toronto har zuwa 1982 da aka amince da irin wadda ƙwayoyin bakteriya ke sarrafawa, daga jikin shanu da aladu masu ciwon sukari suka yi ta samun ta shekara sittin cur.

Allurarki

Enoxaparin 'yar heparin ce, an daddatse ta ƙanana don aikinta ya fi daidaito. Heparin kuwa, gaskiya ne, daga majinar da ke lulluɓe da cikin hanjin alade ake samo ta. Amma abin da ya iso sirinjinki ba nama ba ne, ba jini ba ne. Wata sarƙar sukari ce da aka raba da furotin ta hanyar narkarwa, aka bi ta da sinadarai masu kaifi da ke lalata ƙwayoyin cuta, aka tace ta sau da yawa. Game da haukan shanu kuma, ba a taɓa samun irin wannan cuta ta kama alade a kiwo ba. Hasali ma, tsoron haukan shanu ne ya sa aka janye heparin ta shanu daga kasuwar Amurka a shekarun 1990, aka koma ta alade zalla.

Haɗarinta na gaskiya ba shi da alaƙa da alade. Magani ne mai hana jini daskarewa, don haka zubar jini ne abin lura, sai wani yanayi da ba kasafai ake gani ba inda ƙwayoyin da ke toshe rauni a jini suke raguwa, yawanci tsakanin kwana biyar zuwa goma da farawa. Ke kin gama naki tun wata uku, kuma maganin ba ya kwana biyu a jiki bayan allurar ƙarshe. Babu abin da ya rage a jikinki da za ki jira ya tashi. Abin da aka yi miki rigakafinsa kuwa ba wasa ba ne: gudan jini da ke haɗuwa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu yana cikin abubuwan da ke kashe mai jego bayan tiyata.

Ba zan ɓoye miki cewa heparin ta taɓa kashe mutane ba. A 2008 marasa lafiya, da yawansu masu wankin ƙoda, suka riƙa faɗuwa da zarar an sa musu ita, jini ya yi ƙasa, numfashi ya sarƙe. Hukumar FDA ta danganta mutuwar mutum sama da 80 da lamarin a Amurka. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ɗanyen kayan da ya fito daga Sin an cakuɗa shi da wani sinadari mai arha wanda ke kwaikwayon heparin a gwajin da ake yi a lokacin. An yi hakan ne a daidai lokacin da wata annoba ta rage yawan aladu a ƙasar, kayan suka yi wuya. Ki lura, ba cutar alade ce ta shiga maganin ba, hannun mutum ne ya zuba algus. Abin mamaki, sinadarin da aka zuba ɗin chondroitin ne da aka sauya wa siffa a ɗakin gwaji. Ba shi ne wanda Mama take haɗiya ba, kada ki haɗa su, kama da wane ba ta wane. Bayan wannan masifa aka sauya ƙa'idar gwajin heparin, aka shigo da na'urorin da ke duba siffar sinadarin kansa, ba aikinsa kaɗai ba. Ni abin da na ɗauka daga 2008 shi ne, an gano matsalar ne saboda kowane rukunin magani yana da lamba, asibitoci suna kai rahoto, akwai wanda zai janye kayan. Da kafson da ba shi da rajista ne ya yi wannan ɓarna, da wuya a san inda ta fito.

Batun halasci ko haramcin magani mai asali da alade wani fage ne daban, na malaman addini ne, ba zan shige shi ba. Abin da zan iya ba ki daga ɓangarena shi ne akwai fondaparinux, wanda haɗa shi ake yi tun daga tushe ba tare da dabba ba, amma ba a kowane hali yake maye gurbi ba, musamman ga mai ciki ko mai matsalar ƙoda. In wani ciki ya zo, ki tayar da zancen tun wajen awo. Na taɓa ganin wadda ta daina allurar a kwana na uku ba ta gaya wa kowa ba, aka dawo da ita ƙafa ɗaya ta kumbura suntum. Ta warke, amma maimakon kwana goma sai da ta yi watanni a kan maganin.

Haukan shanu

Tsoron nan yana da tushe, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. An gano cutar a Birtaniya a 1986. Ta yaɗu ne saboda ana niƙa ragowar gawar dabbobi ana zuba wa shanu a abinci. An tabbatar da ita a jikin shanu sama da 180,000 a can. A watan Maris na 1996 gwamnatin ƙasar ta bayyana cewa akwai alamun ta tsallako zuwa mutane, kuma mutum 178 suka mutu da ita a Birtaniya, yawancinsu matasa. Abin da ke kawo ta ba bakteriya ba ce, ba bairos ba ne. Furotin ne da ya naɗe ba daidai ba, ana ce masa firiyon, wanda in ya shiga ƙwaƙwalwa yake sa 'yan'uwansa su naɗe irin nasa. Tafasa ba ta kashe shi, busarwa ba ta kashe shi, kuma yana iya shekara goma ko fiye a jiki shiru. In akwai cutar da ta dace da karin maganar nan ta ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to ita ce.

Likitanci ya riga ya ɗanɗana wannan ta wata ƙofa. Kafin 1985, sinadarin ƙara tsawo da ake yi wa yaran da suka tsumbure daga wani ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar gawarwakin mutane ake tatso shi. Sama da mutum 200 a duniya suka kamu da irin wannan cuta ta wannan hanya, wasu bayan shekara ashirin ko talatin da allurar. Ba dabba ba ce a nan, amma darasin ɗaya ne, kuma shi ya sa masu sa ido kan magani ba sa wasa da duk abin da ya fito daga kai.

To amma firiyon ba ko'ina yake taruwa a jikin saniya ba. Matattararsa ƙwaƙwalwa ce, da laka, da idanu, da wasu jijiyoyi na kusa da ƙashin baya, da ƙarshen ƙaramin hanji. Waɗannan sassa ne dokokin Turai da Amurka suka hana shiga abincin mutane, kuma a Amurka hanin ya haɗa har da ƙwayoyin ƙarin gina jiki. Hanta ba ta cikin wannan jeri. Jelatin kuma ana jiƙa fata ko ƙashi ne a ruwa mai tsami ko mai kaifin toka na tsawon lokaci sannan a dafa da zafi mai tsanani, kuma masu yin magani sai sun nuna takardar asalin shanun. Ƙungiyar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris tana rarraba ƙasashe gwargwadon haɗarin cutar, kuma akwai irin su Ostareliya da New Zealand da ba a taɓa samun ta a cikin shanunsu ba. Tun da aka hana ciyar da shanu naman 'yan'uwansu, cutar ta ragu har ta zama abin nema.

Saboda haka, a kan hanta da jelatin da chondroitin, haukan shanu ba shi ne abin da zai hana ni barci ba. Inda nake jan layi shi ne kafson da ke cewa "haɗin gaɓoɓi", ki juya bayan kwalbar ki ga an jera ƙwaƙwalwa, da laka, da ƙullutun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba a ma faɗi ƙasar da shanun suka fito ba. Haɗarin ƙarami ne, na yarda. Amma cutar ba ta da magani, amfanin kafson kuma babu wanda ya tabbatar da shi. Ban ga abin da zai sa mutum ya shiga wannan ciniki ba.

Ƙwayoyin cuta na yau da kullum sun fi firiyon kusa da mu, kuma su ma ɗanye suke bi. An sha samun cutar salmonela ga masu haɗiyar kafson busasshen naman maciji a kudu maso yammacin Amurka. A 2014 wasu 'yan Amurka da suka je Jamus aka yi musu allurar ɗanyun ƙwayoyin halittar ɗan tayin tunkiya, wai don a dawo musu da ƙuruciya, sun koma gida da zazzaɓin Q, cutar tumaki da awaki. Wani lokacin ma ba cuta ba ce, dabbar ce da gubarta: ɗanyar matsarmamar wasu kifaye na lalata ƙoda, kuma a shekarun 1990 an yi mace-mace a New York sanadiyyar wani maganin ƙarfin maza da aka yi da busasshen dafin kwaɗo, wanda ke tsayar da zuciya kamar an sha maganin zuciya na digoxin fiye da kima.

Kafson maigida

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya da ke fitar da sinadaran da ke saita saurin aikin jiki. Na mutum da na saniya da na alade iri ɗaya ne, kuma ba kamar insulin ba, ciki ba ya narkar da su. In ka haɗiyi busasshiyar tayirod ta dabba, magani ka sha, ko da an rubuta "ƙarin abinci" a jikin kwalbar. A tsakiyar shekarun 1980, mutum fiye da ɗari a yankin Minnesota da maƙwabtanta suka kamu da alamomin tayirod mai aiki fiye da kima, aka rasa dalili, sai daga baya aka gano wata mayanka ce ke haɗawa da tayirod ɗin shanu wajen yanko naman wuya ta niƙa. A 2013 kuma wasu likitoci a Amurka suka sayi kafso iri goma da ake tallatawa da sunan taimakon tayirod suka auna: tara suna ɗauke da sinadarin tayirod da ake kira T3, biyar suna da ɗan'uwansa T4, wasu da yawan da ya kai ko ya wuce abin da likita ke rubutawa.

Ko busasshiyar tayirod ta alade da likitoci kan rubuta, wadda ake auna ƙarfinta, an janye wasu rukunanta a Amurka a 2020 saboda wasu sun yi ƙarfi da yawa, wasu sun gaza. In wadda ake aunawa tana kuskurewa, ina ga wadda ba a aunawa? Shi ya sa yawancin likitoci suka fi son maganin tayirod na levothyroxine, wanda haɗa shi ake yi kuma kowace ƙwaya ƙarfinta sananne ne.

Akwai wani magidanci da ya zo mini da takardar maganin rage bugun zuciya da na barci. Ya rame, hannunsa na rawa, yana ta share gumi alhali ɗakin da sanyi. Na tambaye shi abin da yake sha, ya ce babu komai. Sai da na ce har da na ƙarin kuzari, sannan ya zaro kwalba daga aljihu. Bai ɗauke ta magani ba, shi ya sa bai gaya wa likitansa ba. Gwajin jini ya nuna sinadarin ya yi masa yawa. Ya daina, cikin 'yan makonni ya dawo daidai. Yawan wannan sinadari in ya daɗe yana rikita bugun zuciya ta yadda zai iya kai ga shanyewar ɓarin jiki, yana kuma zaizaye ƙashi. Shawarata kai tsaye ce: maigida ya ajiye wannan kafso, ya je da kwalbar wurin likita a yi masa gwajin TSH, gwajin jinin da ke nuna yadda tayirod ke aiki. In gajiya ce ta sa ya fara sha, gajiya tana da dalilai da yawa, daga ƙarancin jini zuwa ciwon sukari zuwa rashin isasshen barci, kuma gidan da ke da jariri ɗan wata uku ba sai an yi nisa wajen neman dalili ba. In da ma likita ne ya tabbatar masa da ciwon tayirod, to kada ya daina maganin likita, zancen kafson kanti nake yi.

Hanta kuma matsalarta albarkarta ce. Ita ce rumbun bitamin A. Namiji baligi yana buƙatar kusan maikrogiram 900 a rana, iyakar da ake ganin ba ta da illa kuwa 3,000 ce, alhali giram 85 na dafaffiyar hantar saniya ya haura 6,000. Kafso ba ya kai wannan yawa in an bi adadin da aka rubuta, don haka shi kaɗai ga lafiyayyen mutum ba abin firgita ba ne. Inda ake faɗawa rami shi ne tarawa: ga kafson hanta, ga bitamin mai haɗe-haɗe, ga man hantar kifi, kowanne da nasa kason, jiki kuma ba ya zubar da rarar a fitsari, ajiyewa yake yi. Ƙarshenta ciwon kai, bushewar fata, zubewar gashi, ciwon ƙashi, har lalacewar hantar mai shan. Mai ciwon gaɓɓai irin na gawut, da wanda ƙarfe ke taruwa masa a jini, su kam su nisance shi.

Wannan ya kawo mu kan naki. Mutane da yawa ba su san man kifi da man hantar kifi ba abu ɗaya ba ne. Na farko daga tsokar kifi yake, na biyu daga hanta, don haka yana ɗauke da bitamin A mai yawa. Babban cokali ɗaya na irin wanda ba a rage wa ƙarfi ba yana iya wuce iyakar yini. Ga mai shayarwa, adadin da aka rubuta a kwalba ba laifi in ba ki haɗa shi da wani bitamin mai A ba. Amma yawan bitamin A a farkon ciki yana jawo nakasa ga jariri, kuma ciki kan shiga kafin a sani. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana gaya wa masu ciki su guji man hantar kifi saboda wannan. In omega-3 kike nema, ki koma man kifi zalla ko wanda ake samu daga gansakukar ruwa. Zaiba da ake tsoro a kifi tsoka take kamawa, ba ta cika bin mai ba. Gubobin masana'antu masu narkewa a mai su ne ake tacewa, kuma nan ne ingancin kamfani ke aiki. In kin fasa kafso kika ji wari mai hawa kai, man ya lalace, ki zubar.

Mama da warfarin

Glucosamine yawanci daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake yin sa, chondroitin kuma daga guringuntsin shanu, alade ko kifin shak. Damuwata a nan ba asalinsu ba ce. Warfarin magani ne mai ƙunƙuntar hanya, kaɗan ya ƙaru jini ya tsinke, kaɗan ya ragu jini ya daskare. An sami rahotanni da dama na mutanen da gwajin INR ɗinsu, wanda ke auna yadda jini ya tsinke, ya haura bayan sun fara glucosamine, har hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ba da shawarar masu shan warfarin kada su sha shi. Ni ma na ga dattijuwar da INR ɗinta ya shekara a zaune lafiya, sai ga shi ya yi tsalle, dasashi na jini, jiki duk tabo. Da aka bincika, 'yarta ce ta kawo mata maganin gwiwa don tausayi.

Ga shi kuma amfanin bai taka kara ya karya ba. Babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2006, mai mutum sama da 1,500 masu ciwon gwiwa, bai nuna cewa glucosamine ko chondroitin ko haɗinsu sun fi ƙwayar bogi rage ciwo ba in aka duba jimillar mahalarta. Akwai masu cewa suna jin sauƙi, ba na ƙaryata su. Amma ga mai shan warfarin, riba kaɗan ce a kan kasada babba. Sai dai kada Mama ta yanke shi yau da kanta: in an saita mata warfarin ne alhali tana shan sa, dainawa na iya karkata ma'aunin ta ɗaya gefen. A kai kwalbar inda ake duba mata INR, a daina da saninsu, a sake gwaji bayan mako ɗaya ko yadda suka tsara. Kuma kada a musanya shi da ibuprofen ko diclofenac, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, don su sun fi shi jawo zubar jini a ciki. In kika ga baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, asibiti za a nufa a lokacin.

Akwai haɗari ɗaya da ban taɓo ba, wanda shi ne ya fi dacewa da sunan "saboda dabba ce", wato jiki ya ƙi abin. Mai borin jini in ya ci jatan lande ya yi hattara da glucosamine, duk da cewa abin da ke tayar da borin a tsoka yake ba a ɓawo ba. Akwai wanda ake yi daga masara. Abincin sarauniyar zuma da ake sayarwa a kafso ya taɓa kashe masu asma. Akwai kuma wani yanayi mai ban mamaki da cizon wasu irin kaska ke jawowa, inda jiki ke ƙin wani sukari da ke jikin dabbobi masu shayarwa. Alamarsa mutum ya ci jan nama, bayan awa uku zuwa shida ya tashi da ƙaiƙayi da kumburi. Mai wannan sai ya yi hattara har da jelatin da wasu magungunan asibiti. In babu mai irin wannan tarihi a gidanku, ki wuce wurin.

Daga nan inda nake ban ga kwalaben ba, ban san shekarun Mama ko dalilin da ya sa aka ɗora ta a kan warfarin ba, ban kuma san ko kafson maigida yana da naman tayirod a ciki ko ganye da aidin ne kawai ba, wanda shi ma yawansa na rikita tayirod. Rubutun jikin kwalba ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba, kamar yadda gwajin 2013 ya nuna. Don haka ki tattara su duka a leda ɗaya, har da waɗanda ba ki ambata ba, ki kai wa mai haɗa magunguna ko likitan da ke duba Mama. Ku duba tare ko akwai lambar rajistar hukumar magunguna ta ƙasarku, da lambar rukuni, da ranar lalacewa, da sunan dabbar da sashen jikinta da ƙasar da ta fito, da adadin kowane sinadari a rubuce da lamba, ba "haɗi na musamman" ba. Hatimin masu gwaji masu zaman kansu irin USP ko NSF yana nuna an tabbatar abin da aka rubuta shi ne a ciki, amma ba ya nufin yana warkar da komai. Ta maigida za ki fara miƙawa, sannan ta Mama, kuma ki tafi da katin INR ɗinta.